Mai Ƙulla Tambaya: Sana'ar da Ba a Ganin Mai Yin Ta

Wace ƙasa ce ta fi kowace faɗi a Afirka? Duk wanda ya yi firamare kafin shekarar 2011 zai ɗaga hannu ya ce Sudan, kuma a zamaninsa ya faɗi daidai. Ranar 9 ga Yuli na wannan shekarar Sudan ta Kudu ta ɓalle, kambun ya koma hannun Aljeriya. Ko harafi ɗaya bai canja a tambayar ba, amsar ce ta tattara nata-ya-nata ta yi ƙaura. Haka aka yi wa duniyoyin da ke kewaya rana: tara aka koya mana, a 2006 masana sararin samaniya suka sauke Pluto daga sahu, suka bar takwas. A 2023 Indiya ta wuce Sin a yawan jama'a. Hatta dutsen Everest da ake ganin ba ya motsi, a 2020 ƙasashen Nepal da Sin sun sake auna shi suka ce mita 8,848.86 ne.

Akwai mutumin da irin wannan sauyi yake hana barci, shi ne mai ƙulla tambayoyin gasar kacici-kacici. Mai gabatar da shiri ake gani a talabijin, da kwat ɗinsa da murmushinsa, shi ake yi wa tafi. Wanda ya zauna ya rubuta abin da ke kan katin da ke hannunsa kuwa, sunansa kan gilma ne a ƙarshen shiri lokacin da kowa ya tashi neman ruwan sha. Ba a tuna da shi sai ranar da ya yi kuskure.

Mutane sukan ɗauka jarin wannan sana'a shi ne sanin komai. Sani yana da amfani, amma masu haddace babban birnin kowace ƙasa da shekarar kowane yaƙi galibi 'yan takara ne, su ke zama a kujerar amsawa. Abin da ake nema wurin mai ƙulla tambaya daban ne: ya iya gina tambayar da amsarta ɗaya ce tak, wadda ba mai gardamar da zai samu kafar shiga, kuma wadda wanda bai san amsar ba idan ya ji ta zai dafe kai ya ce, “Kai, ai da na yi tunani kaɗan da na gano.” Haɗa waɗannan a jimla guda, wannan ne aikin.

Ɗauki adabi. Sabon shiga zai rubuta: “Wane ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi?” A ransa yana nufin Wole Soyinka, 1986. To amma Albert Camus, wanda ya ci kyautar a 1957, a Aljeriya aka haife shi, can ya girma. Claude Simon da ya ci a 1985, shekara guda kafin Soyinka, haifaffen Madagaska ne. Idan aka samu ɗan takara mai dogon karatu ya ce Camus, alƙalan gasa za su kalli juna. Kalmomin “na farko”, “mafi girma”, “mafi tsawo” su ne ramukan da masu wannan sana'a suka fi faɗawa. Kogi mafi tsawo a duniya? Har yau akwai masu jayayya tsakanin Nilu da Amazon, domin ba a daidaita kan inda ake fara awon kowanne ba. Hamada mafi girma? Sahara ce idan mai zafi ake nufi. Idan ƙarancin ruwan sama ne ma'auni, nahiyar ƙanƙara ta Antatika ta fi ta. Fim ɗin Hausa na farko? Wani zai ce Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Kano, wani kuma ya tuna maka cewa tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim. Kowannensu yana da hujja, kuma tambayar da ta bar mutum biyu da hujja ba ta ƙullu ba. Dole a ƙara mata wata kalma da za ta toshe ɗaya ƙofar, ko a jefar da ita.

Ga yadda ake juya tambaya har ta nuna. A ce ana so amsa ta zama Abubakar Imam. “Wa ya rubuta Magana Jari Ce?” A gaban Hausawa wannan kyauta ce, ba tambaya ba. “A wace shekara aka haifi Abubakar Imam?” Wannan kuma busasshiya ce: ko ka haddace 1911 ko ba ka haddace ba, ba wata hanyar da tunani zai kai ka. Gwani zai bi ta tsakiya, ya ce: “Wane marubuci ne ya zama edita Bahaushe na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wanda kuma a shahararren littafinsa aku ne ke ba da labarai?” Yanzu ƙofa biyu ke buɗe zuwa ɗaki ɗaya. Mai sanin tarihin jarida zai shiga ta nan, wanda ya karanta littafin a aji uku zai shiga ta can. Idan gasar mai zaɓi huɗu ce, sai a zo ga aikin da ya fi cin rai, wato samar da amsoshin ƙarya guda uku. Sa sunan ɗan ƙwallo a ciki wasa da hankali ne. Sai a ɗauko Bello Kagara mai Ganɗoki, da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar, da Muhammadu Gwarzo mai Idon Matambayi, dukkansu abokan tafiyar Imam a gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya. Kowane suna a cikin huɗun yana da kamar gaskiya, amma ɗaya ne kawai ya dace da aku da jarida.

Akwai kuma tambayar da ake gina ta a kan kuskuren da jama'a suka saba yi. Tambayi masu kallon ƙwallo wa ya fara ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik, da yawa za su ce su Kanu a Atlanta, 1996. Shekarar daidai ce, garin ma daidai ne, amma Chioma Ajunwa ta riga su da kwana ɗaya a dogon tsalle, da mita 7.12. Irin wannan tarko halal ne a sana'ar, domin gaskiya ce tsantsa kuma mai sauraro ya ƙaru. Tarkon da ake ƙyama shi ne na murɗa harshe don a kayar da ɗan takara kawai. Wannan ba gwaninta ba ce, mugunta ce, kuma 'yan kallo suna gane ta nan take.

Rabe-raben fannonin da ake gani a kusan kowace gasa, wato labarin ƙasa, nishaɗi, tarihi, adabi da zane, kimiyya da halittu, sai wasanni, wani wasan allo ne ya yaɗa su a duniya. A Disamba 1979 'yan jarida biyu a birnin Montreal na Kanada, Chris Haney mai kula da hotuna da Scott Abbott mai rubuta labarin wasanni, suka ƙirƙiro Trivial Pursuit. Kwalin farko yana ɗauke da tambayoyi 6,000. A 1984 kaɗai an sayar da kwali sama da miliyan 20. Tambaya dubu shida ba a kakkaɓo ta daga ka, sai an buɗe littattafai, kuma a nan rigima ta ɓullo. Wani Ba'amurke mai suna Fred Worth, wanda ya wallafa kundayen irin waɗannan bayanai, ya daɗe yana zargin za a kwashe masa gumi. Saboda haka ya dasa ƙarya guda a littafinsa: ya rubuta cewa sunan yanka na Columbo, jami'in binciken nan na shirin talabijin, shi ne Philip. Ba inda aka taɓa faɗar haka, shi ya ƙaga. Da ya ga Philip ya bayyana a katin Trivial Pursuit, sai ya garzaya kotu a 1984 yana neman diyyar dala miliyan 300. Masu wasan ba su musa sun duba littafinsa ba. Kotu ta ce bayanan gaskiya ba mallakar kowa ba ne, ta kori ƙarar, ɗaukaka ƙara ma ba ta fisshe shi ba. Worth ya rasa kuɗi, amma ya tona asirin wata cuta da har gobe take damun sana'ar: kwafa daga littafi ɗaya ba tare da an duba na biyu ba.

Saboda wannan cutar ne manyan shirye-shirye suke raba aikin gida biyu. A shirin Jeopardy! na Amurka, wanda aka fara a 1964, kowane wasa yana cin tambayoyi 61, kuma ana yin wasa wajen 230 a shekara. Lissafa ka gani, tambaya dubu goma sha huɗu ke nan. Marubuta suna rubutawa, sannan wasu ma'aikata daban, masu bincike, su bi kowace magana su nemo mata madogara biyu da ba su jingina da juna ba. Mai binciken nan aikinsa neman aibi ne. Yana zaune yana tambayar kansa: akwai wata amsa da za ta iya zama daidai? Idan ɗan takara ya faɗi sunan mahaifi kawai, a karɓa? Idan ya ambaci tsohon sunan gari fa? Duk wannan ana rubuta shi a gefen kati kafin a kunna fitilun ɗakin ɗaukar shiri.

Duk da haka ana zamewa. A 1999, a shirin Who Wants to Be a Millionaire? na Birtaniya, an tambayi wani ɗan takara, Tony Kennedy, mafi ƙarancin bugun da ɗan wasan tanis zai yi ya cinye zubi guda. Ya lissafa: wasa shida, kowanne maki huɗu, ya ce 24. Aka ce ya ci, aka tafa. Washegari aka nuna cewa 12 ne. A wasa uku daga cikin shidan abokin karawa ne ke fara bugu, kuma idan ya yi ta ɓarar da bugunsa, makin yana zuwa maka ba tare da ka taɓa ƙwallo ba. Masu shirin suka amsa laifi, suka bar wa Kennedy fam 125,000 da ya tafi da su. Abin lura shi ne 12 tana cikin zaɓi huɗun da aka ba shi. Wani ya zauna ya rubuta amsar gaskiya a matsayin ta ƙarya.

Auna nauyin tambaya wani fanni ne mai zaman kansa. Shirin miloniyan nan, da aka fara a 1998, an gina shi a kan matakala 15, daga tambayar da yaro zai amsa zuwa wadda za ta sa farfesa gumi. To wa zai ce wannan ta fi waccan wuya? Judith Keppel, wadda ta fara cinye fam miliyan ɗaya a shekarar 2000, an tambaye ta sarkin Ingila da ya auri Eleanor ta Aquitaine. Ga wanda ya taɓa bin tarihin sarakunan Turai, Henry na Biyu ba abin wahala ba ne. Ga mutumin Gusau kuwa, ko an ba shi mako sai dai ya yi canke. Juya abin: tambayi Baturen Landan wa ya gaji Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wuya da sauƙi suna wurin mai amsawa, shi ya sa da aka kawo shirin Najeriya a 2004, Frank Edoho yana gabatarwa, ba a iya ɗauko katunan Landan a karanta a Legas ba, sai da aka nemi masu rubutawa da suka san abin da ɗan Najeriya ya sani. A 2009 Aroma Ufodike ya haye matakalar duka ya tafi da naira miliyan 10. Fim ɗin Slumdog Millionaire na 2008 a kan wannan batu ya tsaya: yaron unguwar talakawa a Mumbai yana amsa tambayoyin da suka gagari masu digiri, domin kowace amsa rayuwa ta riga ta koya masa ita da bulala.

Sannan ga kunne. Tambayar gasa ba karanta ta ake yi a zuci ba, furta ta ake yi da ƙarfi, agogo yana tafiya. A shirin Mastermind na BBC, wanda Bill Wright ya ƙirƙiro a 1972 yana tuna yadda Jamusawa suka titsiye shi da tambayoyi lokacin da yake fursunan yaƙi, ɗan takara yana zama a baƙar kujera, fitila a fuskarsa, ana jero masa tambayoyi cikin ƙayyadadden lokaci. Idan tambayoyin wani sun fi na wani tsawo, an cuce shi tun kafin ya buɗe baki, don haka sai an daidaita tsawonsu. Kuma ana ajiye kalmar da ke buɗe amsa a ƙarshen jimla, kada mai gaggawa ya katse mai tambaya tun a tsakiya. A wannan kujera ce wani direban tasi na Landan, Fred Housego, ya doke masu manyan takardu a 1980.

Inda kuɗi ya shiga, amana ta zama rabin sana'a. Amurka ta koyi wannan da tsada. A 1956, a shirin Twenty-One, masu shiryawa suka ga zakaransu Herb Stempel ba ya jan 'yan kallo, suka umarce shi ya faɗi. Tambayar da aka zaɓa masa ita ce fim ɗin da ya ci kyautar Oscar ta 1955. Amsar Marty ce, fim ɗin da yake matuƙar so, amma ya buɗe baki ya faɗi wani. Charles Van Doren, malamin jami'ar Columbia, ya hau kujerar ya tara dala 129,000, ana ba shi amsoshi a ɓoye. Stempel bai haɗiye abin ba, ya yi ta magana har aka saurare shi. A 1959 Van Doren ya amsa laifi a gaban kwamitin majalisar dokoki, a 1960 aka yi dokar da ta mayar da maguɗin irin waɗannan shirye-shirye laifi. Tun daga nan ake raba marubutan tambaya da 'yan takara kamar wuta da auduga. Ko a haka masu dabara ba su daina ba: a 2001 Manjo Charles Ingram ya kai ga fam miliyan ɗaya a Birtaniya da taimakon wani da ke zaune cikin ɗakin yana tari duk lokacin da aka ambaci amsar daidai. Ba a biya shi ba, kotu kuma ta same shi da laifi a 2003.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wasan tambaya. Tun a dandali yaro ya san idan aka ce masa ƙulun-ƙulufit ya kasa, sai ya ba da gari kafin a faɗa masa gauta ce. Amma mai ƙulla tambayar zamani a ƙasar Hausa ba kasafai yake cin abinci da ita ba. Yawanci malamin makaranta ne da shugaban makaranta ya kira ranar Laraba ya ce, “Malam, ranar Asabar akwai gasa, a shirya mana tambayoyi.” Sai ya kwana da tsofaffin littattafai da fitilar waya. Ranar gasa za ka ga tebura biyu suna fuskantar juna, ɗalibai uku-uku, mai kula da lokaci da ƙararrawarsa, wani a bakin allo da alli yana rubuta maki. Ɗaliba ta miƙe ta ce, “Lamba bakwai.” A buɗe takarda, a karanta sau biyu. Idan ta kasa, tambayar ta tsallaka ɗaya teburin a matsayin garaɓasa, da rabin maki. Ana cikin haka sai malamin da ya rako baƙi ya miƙe daga baya: “Alƙali, da gyara! A littafinmu ba haka yake ba.” Sau da yawa kuma gaskiyarsa ne, domin littafinsa da na mai tambaya ba shekara ɗaya aka buga su ba. Jihohin Najeriya kaɗai sun isa misali: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowane adadi akwai littafin da ya rantse a kansa.

A ganina, babban abin da ke rage wa gasanninmu armashi shi ne yawan tambayoyin hadda. Shekara kaza, mutum nawa, kilomita nawa. Sun fi sauƙin rubutawa, sun fi sauƙin yanke hukunci, shi ya sa malamin da aka ba kwana uku yake rungumarsu, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai yaron da ya ci irin wannan gasa ƙwaƙwalwarsa aka gwada, ba hankalinsa ba, 'yan kallo kuma suna zaune ba su da abin yi sai jiran ƙararrawa. Tambaya mai kyau tana sa duk zauren ya shiga wasan, ka ga leɓunan iyaye suna motsi a kujerun baya. Ƙasar Gana ta nuna abin da ake samu idan aka ɗauki aikin da muhimmanci: gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandarensu ta zama abin da ƙasa take tsayawa kallo, tsofaffin ɗalibai suna cika zaure da tutoci.

Wayar hannu ta zo ta ƙara wa mai sana'ar ciwon kai. Gidan rediyo ya jefa tambaya, ya ce wanda ya fara bugowa da amsa yana da katin waya; kafin mai gabatarwa ya gama maimaita lambar, mutum ɗari sun riga sun tambayi Google. Tun a 2011 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Watson ta lallasa manyan zakarun Jeopardy! biyu, ciki har da Ken Jennings wanda ya taɓa cin wasa 74 a jere. Ko da yake a wannan karawar, da aka yi tambaya a rukunin biranen Amurka, na'urar ta amsa da Toronto, wanda ke Kanada. Amsar Chicago ce, kuma mutanen biyu duk sun same ta. Masu shiri sun koyi kauce wa waya: su sa sautin waƙa a ce wa ya rera, su rage lokaci zuwa daƙiƙa goma, ko su gina tambayar da sai an haɗa abu biyu kafin a kai ga amsa.

Wasu kuma sun koma tambayar abin gida da intanet ba ta da labarinsa: wa ya haƙa rijiyar da unguwa kaza ta samo suna, wane sarki ne ya buɗe kasuwa kaza, wace shekara aka yi farin da tsofaffi suke lissafin haihuwa da ita. Dabara ce mai kyau, amma tana mayar da mai ƙulla tambaya kan doka ta madogara biyu, kuma a nan madogarar ba littafi ba ce, dattawa ne. Sai ya ɗauki goro ya je zauren wannan, ya je zauren wancan. Idan bakinsu ya zo ɗaya, ya samu tambaya. Idan wannan ya ce kakansa ne ya haƙa rijiyar, wancan ma ya ce nasa kakan ne, sai ya yi godiya, ya sa takalmansa, ya soke lamba bakwai ya nemo wata.